Zan Cire Gobe

Takardar ba ta cika rabin shafi ba, amma sau uku Auta ta karanta ta, kuma kowane karatu sai ya ƙara mata zafin kai. An rubuta cewa ita, mai sa hannu a ƙasa, ta shiga foldar asibiti ba da izini ba da ƙarfe tara da minti goma sha huɗu na safiyar Litinin, ta sauya fayil ɗari biyu da goma sha biyu, ta wahalar da marasa lafiya, tana kuma neman afuwa. Har wurin sa hannun an yi mata 'yar alama da fensir, don kada ta sha wahalar nema.

"Ba zan sa ba, Yallaɓai," in ji ta.

Manaja ya ɗago kai daga wayarsa. Mutum ne da bai saba jin a'a daga bakin wanda ke tsaye a gaban teburinsa ba.

"Injiniya, ba roƙonki nake yi ba. Na'ura ta nuna sunanki, ta nuna lokaci. Na'ura ba ta ƙarya."

"Ni ma ba na yi."

"To wa ya yi? Aljani?"

"Ban sani ba tukuna. Amma ni dai ƙafata ba ta taka foldar nan ba."

Kamfanin nasu bai taka kara ya karya ba. Mutum tara ne a hawa na biyu, saman wani shagon gyaran firji, kuma duk abin da suke taƙama da shi aikin asibitin nan ne. Su suka rubuta manhajar da ke kiran lamba a allo, ta gaya wa kowane majinyaci ɗakin da zai shiga. A safiyar nan allon ya birkice, ya koma yayinsa na wata takwas baya, tun kafin asibitin ya sauya wa likitoci ɗakuna. Aka rinƙa tura masu ciwon gwiwa hawa na uku wurin likitan yara, masu juna biyu kuma wurin likitan haƙori. Wata tsohuwa ta hau ta sauko sau biyu, a na uku ta zauna a kan matakala ta fashe da kuka. Awa biyu ana wannan rawar kafin a gyara. Shugabar ma'aikatan jinya ta ce da ƙarfe huɗu za ta zo da ƙafarta, kuma suna take so a ba ta, ba dogon bayani ba.

"Ki sa hannu, gargaɗi ne kawai, a jefa a fayil ɗinki a manta," in ji Manaja. "In huɗu ta yi ba ki sa ba, ni zan rubuta tawa takardar, kuma tawa ba gargaɗi ba ce. Kin gane ai."

Ta gane sarai. Ta ɗauki takardar ta ninke ta gida biyu, ta fito.

A ofishin akwai wata manhaja da ke riƙe tarihin aikinsu, wadda suka laƙaba wa suna Magatakarda. Duk wanda ya sauya ko da waƙafi ɗaya a fayil, sai ta rubuta wane ne, yaushe ne, me ya taɓa. Kowa yana da foldarsa a kan babbar na'urar ofis, a cikin kowace folda kuma akwai wani ɓoyayyen lungu da Magatakarda ke ajiye littattafansa. In ka ce masa yau tsohon reshen aiki kake son gani, sai ya kwashe fayilolin da ke gabanka ya shimfiɗa maka na wancan lokaci. A foldarka yake yi, ba a ta maƙwabci ba. Foldar asibiti ita ma a na'urar take, amma dokar Manaja tun bara ita ce ba mai taɓa ta sai mutum biyu sun duba sun amince.

Abin da Auta ta yi da safen bai wuce wannan ba. Ranar Juma'a aka dawo da ita aikin asibiti, bayan shekara biyu tana kan aikin wata makaranta. Da safe aka ce ta duba wata tsohuwar matsala, ta zauna a foldarta ta ce wa Magatakarda ya kawo mata reshen wata takwas baya. Ya ce an gama. Ta duba fayilolinta ta ga ko gezau ba su yi ba. Tana cikin mamakin wannan ne wayoyin ofis suka fara ruri.

Ta dawo teburinta kusa da taga, inda ƙarar injin walda na mai firji ke shigowa. Ba wanda ya ɗago ya kalle ta. Duk sun duƙufa a kan allunansu da wata irin himma da ba ta taɓa ganin sun yi ba ko ranar da aiki ya yi wuta.

Mutum ɗaya ne ya taso. Yayanta ne, uwa ɗaya uba ɗaya, babban injiniyan kamfanin, wanda a ofis ake kira Sai Gobe a bayan idonsa, wani lokaci ma a gabansa. Ka ce masa fanka ta lalace, sai gobe. Ka ce masa rahoto, sai gobe. Amma a ba shi haƙƙinsa, kansa yana ja, kuma shi ya gyara allon asibitin da safe cikin minti goma har aka tafa masa. Ya jawo kujera ya zauna kusa da ita, yana juya makullin motarsa a yatsa.

"Auta, kin ci abinci kuwa?"

"Ban ci ba."

"To ki fara da wannan. Sannan foldar nan taki ta rikice ne kawai. Goge ta ki sauke sabuwa, ki huta."

Wannan shi ne maganin ofishin na kowace cuta. Har a farin allon da ke bango an rubuta da jan maka, tun shekarun baya, ba a taɓa sharewa ba: IN YA ƘI, GOGE KA SAKE SAUKEWA. Mutum tara masu takardun digiri, ba wanda ya taɓa tsayawa ya tambayi Magatakarda me ke damunsa. Da ya yi tari sai a binne shi a haifi wani.

"Ba zan goge ba, Yaya."

"Me za ki yi da ita? Ado?"

"So nake in san abin da ya faru."

"Abin da ya faru ya riga ya faru. Ke dai akwai taurin kai, tun kina rarrafe."

"To a bar ni da abina."

Ya yi 'yar dariya wadda ba ta kai ido ba, ya tashi ya koma teburinsa. Ta bi bayansa da kallo. Shi ya koya mata wannan sana'a a kan tsohuwar kwamfutarsa mai fasasshen allo, shi ya rako ta har ƙofar ofishin nan ranar da aka yi mata tambayoyin ɗaukar aiki, ya tsaya a shagon mai firji yana jiranta awa biyu. Tana ƙaunarsa, ba ta taɓa ɓoye wannan ba. Amma yau ta lura bai tambaye ta ko ita ta yi ba.

Ta naɗe hannun rigarta ta fara daga abu mafi sauƙi. Ta buɗe wani fayil a foldarta, ta rubuta a can ƙasa: ni ce Auta, ina nan. Ta adana. Sannan ta tambayi Magatakarda me ya sauya.

Jerin sunaye ya zubo har ya cika allo ya wuce. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Fayil ɗin da ta taɓa yanzun nan babu shi a ciki. Waɗanda ke ciki kuwa ko buɗe su ba ta taɓa yi ba. Ta sa aka ƙirga mata su.

Ɗari biyu da goma sha biyu.

Ta warware takardar Manaja ta sake duba lambar, duk da ta riga ta haddace ta. Wato Magatakarda yana zaune a ɗakinta, yana amsa mata magana da ladabi, amma idonsa na wani gida. Abin da ta yi a gabansa bai gani ba, abin da aka yi a wani wuri yake ba ta labari.

"To, malam," ta ce a hankali, "gidan wa kake gadi?"

Akwai hanyar yi masa wannan tambaya, duk da a ofishin ba mai yi. Ta laluba littafin bayanin manhajar, ta samo umarnin, ta buga. Amsar layi ɗaya ce tak, kuma ba adireshin foldarta ba ne. Adireshin foldar asibiti ne.

Ta jingina da kujera. Ashe da safe da ta ce a kawo mata tsohon reshe, ya kawo ɗin, bai yi mata ƙarya ba. Sai dai a tsakiyar asibiti ya je ya shimfiɗa shi, da sunanta, da izininta. Da Yaya ya gyara asibitin kuma, sai Magatakarda ya ga fayil ɗari biyu da sha biyu sun saɓa da abin da ya shimfiɗa, shi ne yake kawo mata ƙara. Na'ura ba ta yi ƙarya ba, ita ma ba ta yi ba. Saura a san wanda ya juya wa Magatakarda fuska.

Ta shiga ɓoyayyen lungun. Akwai wani ɗan fayil a ciki da ke ɗauke da tsare-tsaren Magatakarda, bai fi layi ashirin ba. A layi na bakwai ta gan shi: an rubuta ɓaro-ɓaro cewa filin aikin wannan ma'ajiya shi ne foldar asibiti. A saman layin kuma, a layi na shida, akwai 'yar tunatarwa irin wadda mai rubutu ke bar wa kansa, wadda na'ura ba ta karantawa.

na ɗan lokaci ne, zan cire gobe

Ba suna, ba sa hannu. Ba a ma bukatarsu.

Sai komai ya dawo mata a jere. Ranar Juma'a da yamma intanet na jan ƙafa, ta ce za ta sauke aikin asibiti, Yaya ya ce kada ta ɓata lokacinta, ga foldarsa nan zai kwafa mata sukutum. Ya kwafa da zuciya ɗaya, ta yarda da wannan. Ya manta lungun yana bin folda duk inda ta je. Da gyaran safe na minti goma, alhali hanyar da Manaja ya shimfiɗa ba ta yiwuwa ƙasa da rabin awa da mutum biyu. Ashe tun bara da aka kulle ƙofar gaba, Yaya yana da tasa ta baya, yana shiga asibiti daga kujerarsa duk lokacin da ya ga dama. Ta duba ranar da aka taɓa ɗan fayil ɗin a ƙarshe. Shekara uku da wata biyu ke nan, tun ita ba ta san hanyar ofishin ba.

Ranta ya ɓaci. Ba layin ne ya fi ƙona mata rai ba, kowa na iya yin kuskure. Kujerar da ya jawo ce, da tambayar ko ta ci abinci.

Ta same shi a ɗan ɗakin dafa shayi, yana juya cokali a kofin da ba sukari. Ta rufe ƙofa.

"Yaya, layi na bakwai."

Cokalin ya tsaya. Bai tambaye ta wane layi ba, bai ma yi ƙoƙarin yin kamar bai gane ba. Ya ajiye kofin a kan firji.

"Tun tara da rabi na gane," ya ce. "Wallahi ban yi da gangan ba, Auta."

"Na sani. Amma goge ki sauke sabuwa, wannan da gangan ka faɗa."

"Saurare ni. Ke ba ki da ko ɗigo a fayil ɗinki. Gargaɗi ɗaya ba zai yi miki komai ba, wata shida an manta. Ni biyu gare ni. Na uku kora ce, kin san Manaja. Yara uku, ga matata da cikin wata bakwai. Ina zan nufa?"

"Ni kuma in zama wadda ta sa tsohuwa kuka a matakala."

"Takarda ce kawai!"

"In takarda ce kawai, sa hannu mana."

Ya shafa ƙeya, ya sassauta murya, ya koma muryar da ta sani tun suna yara.

"Haba 'yar ƙanwata. Ke ƙarama ce, ba abin da za a yi miki."

Da bai faɗi wannan ba, wa ya sani, wataƙila da ta yi laushi. Amma kalmomin nan ta taɓa jin su, ɗaya bayan ɗaya, a bayan ƙofar ɗakin Baba. Tana da shekara shida, shi yana da sha uku. Ya kwance rediyon Baba don ya ga masu maganar da ke ciki, ya kasa mayarwa, ya ce ta ce ita ta ture ta daga kan tebur. Ke ƙarama ce, ba abin da za a yi miki. Gaskiya ne ba a doke ta ba. Amma Baba ya daina ɗora ta a cinya lokacin labarai, har ya rasu yana ce mata mai hannun ɓarna, a gidan kuma duk abin da ya fashe sai a waiwayo a kalle ta ana dariya. Daga rediyo aka koma madubin mota, daga madubi aka koma takardar filin Mama da ta ɓata. Ita ce kwandon da Yaya ke zuba abin da ya fi ƙarfinsa, kuma ba ta taɓa cewa uffan ba.

"Shekarata talatin da ɗaya, Yaya," ta ce. "Na daina zama ƙarama tuntuni, kai ne ba ka lura ba."

"Wato tona mini asiri za ki yi. Ni da na kawo ki nan."

"Ba zan ambaci sunanka ba. Amma ba zan sa hannu ba, ba zan kuma goge ba. Daga nan zuwa huɗu kana da awa ɗaya da rabi. Ƙofar Manaja a buɗe take, ka shiga da ƙafarka ka gaya masa. Zai fi maka sauƙi."

"Bari in yi tunani. Ki ba ni zuwa..."

Ya kama bakinsa kafin kalmar ta fito. Ita ma ba ta ƙarasa masa ba, ta buɗe ƙofa ta fita.

Ƙarfe uku da 'yan mintuna wayarta ta fara rawa a kan tebur. Mama. Ba sai an gaya mata wanda ya kai ƙara ba. Ta kife wayar. Ta sake ruri, ta bar ta har ta gaji.

Amma ƙarya ne a ce zuciyarta ba ta yi rauni ba. Ta tuna 'yar Yaya ta tsakiya, wadda ke kiranta Anti Kwamfuta, take maƙale mata a wuya duk ranar da ta je. Ta buɗe ɗan fayil ɗin, ta zuba wa layi na shida ido. In ta share tunatarwar kaɗai ta bar layin, za ta iya nuna yadda abin ya faru ba tare da kowa ya ji muryar Yaya a ciki ba. Layi mara uba, sai a ce tsohon kuskure ne na wani da ya bar aiki. Ta ja linzamin kwamfutar ta lulluɓe kalmomin, yatsarta na kan maɓallin sharewa.

Sai ta tuna kwanan watan. Tana sharewa ta adana, shekara uku da wata biyun nan za su tafi, fayil ɗin ya ɗauki kwanan yau da sunanta. Manaja zai duba ya ga ita ta taɓa shi da ƙarfe uku da kwata, minti arba'in da biyar kafin a zauna. Wato ta shafa wa kanta kashin kaji da hannunta. Ta juya abin ta kowace fuska, ba wata hanyar tsakiya. Ko shaidar ta tsaya yadda take da muryar Yaya a kai, ko babu shaida.

Ta ɗauke yatsarta. Ta rufe fayil ɗin ba tare da ta adana komai ba. Ta ɗaga kai ta hango Yaya a teburinsa, ya ƙura wa ƙofar Manaja ido, makullin mota na ta juyawa a yatsarsa. Har huɗu ta buga bai tashi ba.

Shugabar ma'aikatan jinya ta zo a kan lokaci, dattijuwa ce mai farin takalmi da agogo maƙale a ƙirji. Ta ƙi shayi, ta ƙi lemo. Aka zauna a ɗakin taro su huɗu, ita da Manaja da Auta, da Yaya a matsayinsa na babban injiniya. Manaja ya miƙa hannu.

"Takardar, Injiniya."

Auta ta ajiye ta a tsakiyar tebur, wurin sa hannun fari fat, alamar fensir na nan yadda aka yi ta. Ta buɗe kwamfutarta ta haɗa da babban allon bango.

"Yallaɓai, minti biyar nake roƙo. In na gama ka ga dama ka rubuta taka."

"Ba mu zo kallon wasa ba."

"A bar ta," in ji dattijuwar. "Ni na tsaya awa biyu da safe, minti biyar ba za su kashe ni ba."

"Kai kana da izinin shiga foldar asibiti, Yallaɓai," in ji Auta. "Ka shiga daga taka kwamfutar, ka ajiye fayil wanda ba komai a ciki, ka sa masa sunan da ka ga dama. Kada ka gaya mini. Ba zai taɓa allon marasa lafiya ba."

Ta juya kujerarta ta fuskanci bango. Manaja ya yi tsaki, amma ta ji yana bugawa. Da ya ce ya gama ta juyo, ta nuna musu a allo cewa a foldarta take, ga adireshin kowa na gani, sannan ta tambayi Magatakarda ko akwai baƙon fayil. Ya kawo guda ɗaya. Ta karanta da ƙarfi.

"Sa hannu kawai."

Dattijuwar ta kalli Manaja ta saman tabarau. Manaja ya gyara zama, ya yi gyaran murya.

Auta ta yi bayani a taƙaice, da kalmomin da mai jinya za ta gane. Tana ba da umarni a ɗakinta, ana aiwatarwa a asibiti, saboda wani layi da aka rubuta tun kafin ta zo kamfanin. Ta nuna kwanan watan fayil ɗin. Ta ce duk wanda aka ba wannan folda, ko Manaja ne da kansa, abin da zai same shi ke nan. Ta ce da ta bi abin da ke rubuce a farin allo ta goge, da yanzu layin na nan a inda aka kwafo shi, yana jiran wata Litinin ɗin da wata tsohuwar.

"Wa ya ba ki foldar?" in ji Manaja. "Wa ya rubuta layin?"

Ta buɗe ɗan fayil ɗin. Rubutun ya fito a bango, ƙanana ƙwarai, daga inda suke zaune ba ya karantuwa. Tana iya ƙara masa girma da maɓalli ɗaya. Ba ta yi ba. Ta juya kwamfutar a hankali ta tura ta gaban yayanta.

"Yaya, karanta musu layi na shida."

Yaya ya kalle ta, kallon da ke cewa har yanzu da sauran dama, ki ce wani abu, ki yi dariya, ki ɗauka kamar kullum. Idonta ya ciko, amma ba ta kawar da kai ba. Ya ajiye makullin motar a kan tebur.

"Na ɗan lokaci ne," ya karanta, muryarsa can ƙasa. "Zan cire gobe."

Manaja ya rufe ido. Ba wanda ya ambaci suna.

"Ni na rubuta," in ji Yaya bayan ɗan lokaci. "Ni na kwafa mata. Ba ta san komai ba."

Dattijuwar ta miƙa hannu ta ɗauki takardar da ke tsakiyar tebur, ta karanta, ta dubi alamar fensir, ta ninke ta saka a jakarta. Ta ce za ta ajiye don ta rinƙa tuna irin mutanen da take hulɗa da su. Manaja ya ce Injiniya tana iya tafiya, babban injiniya ya tsaya.

A kan matakala wayar ta sake ruri. Wannan karon ta ɗauka.

"Auta, me nake ji haka?" in ji Mama. "Ɗan'uwanki ya kira ni hankalinsa a tashe. Takarda ɗaya ce ta gagare ki? Ke ba ki san ciki ɗaya kuka fito ba?"

"Mama, an riga an gama. Ban sa ba."

"Kin kyauta. Sai ki zo ki gaya wa 'ya'yansa."

Auta ta dafa ƙarfen matakala. Abin da ya fito daga bakinta ba shi ta shirya faɗa ba.

"Mama, rediyon Baba. Ba ni na fasa ta ba."

Sai ta ji Mama ta ja numfashi.

"Ai na sani. Yarinya 'yar shekara shida ina ta ga abin kwance rediyo? Tun ranar na sani. Na ga dai ke ba za a taɓa ki ba, shi kuwa babanku zai iya karya shi."

Wannan ya fi takardar Manaja ciwo, ya fi na Yaya ma. Shekara ashirin da biyar tana riƙe da asiri, tana ganin ita kaɗai ke ɗauke da shi, ashe da mai kallo.

"To yau kin ji da bakina," ta ce. "Zan zo da yamma. Zan je gidan Yaya ma, in ya buɗe mini ƙofa. Amma na ajiye, Mama. Kowa ya ɗauki nasa."

Ba ta jira amsa ba. Ta share fuska da bayan hannu, ta koma ciki. Ƙofar ɗakin taro na rufe, muryar Manaja na tashi tana sauka. 'Yan ofis suka ɗago gaba ɗaya, suka sake sunkuyawa.

Ta zauna a teburinta. Ta adana kwafin ɗan fayil ɗin a gefe saboda Manaja, sannan ta share layi na shida da na bakwai. Ta mayar da Magatakarda kan reshen da fayilolinta suke, ta tambaye shi gidan da yake gadi. Ya ba ta adireshin foldarta. Ta tambaye shi me ya sauya.

Fayil ɗaya, in ji shi, layi ɗaya aka ƙara. Ta buɗe ta gani, yana nan a can ƙasa inda ta bar shi tun rana: ni ce Auta, ina nan.